Wuƙar Guntun Magagari

Ranar da Usta Ragib ya ci gasar maƙera aka yi dariya a gidansa, karo na farko cikin shekara bakwai. Matar Usta Bego, maƙwabciyarsu, har ajiye tsintsiya ta yi ta kasa kunne ta kan katanga, don da farko ta ɗauka kuka ne.

Yamma ce ta ƙarshen kaka. Rana ta riga ta faɗa bayan dutsen da ke rufe garinmu ta yamma, sanyin kogin Drina ya fara hawowa layin maƙera a hankali. Su uku ne zaune a ƙasa, sun kewaye ɗan gajeren teburin cin abinci: Ragib, da matarsa Zumra, da 'yarsu Senija mai shekara goma sha tara. Akwai miyar wake da burodi mai zafi, sai kuma wata 'yar wuƙa da aka kwantar a tsakiya, tsawonta bai kai tafin hannu ba, ƙotarta ta baƙin ƙahon rago.

"To ka ɗauke ta daga gaban abinci mana," in ji Zumra. "Ko ita ma zuba mata miyar za a yi?"

"Ƙyale ta ta ji ƙamshi, ta sha wuya yau."

"Mama, da kin ga fuskar Kawu Bego," in ji Senija, ta kumbura kumatu ta zaro ido. "Haka ya yi da ta datse ƙusa. Ya juya ta, ya sake juya ta, yana neman inda ta gimtse, har sai da aka ce masa ba tuffa ba ce."

Suna cikin wannan dariya wani abu ya faɗo kan rufin katako, ya gangaro, ya dira a tsakar gida. Wani ya sake faɗowa, sai wani. Ragib ya tashi yana ƙunƙuni a kan 'ya'yan mutane da ba a kwaɓa, ya fita. Babu kowa a layi, ladan bai ma hau ba tukuna. Ya sunkuya ya ɗauki abin da aka jefo, sai ya ga ba dutse ba ne, gawayi ne, kuma da ɗuminsa. Ya waiwaya ya dubi ƙofar maƙerarsa da ke ƙarshen tsakar gida. A rufe take, shi da hannunsa ya kashe wutar tun la'asar.

Da ya koma ɗaki ya tarar Senija ta ajiye cokali. Ta haɗa hannayenta biyu a ƙirji kamar mai rungume da jinjiri, tana ɗan jijjiga, idonta a kan bango.

"Senija," uwar ta kira ta. "Ke, wasan ya isa haka."

Ba ta amsa ba.

Sai na koma baya kaɗan, don wanda bai san gidan ba. Usta muke ce wa gwanin sana'a. Usta Ragib shi ne hannu na huɗu a maƙerar nan, gado tun daga kakanni, kuma a zamaninsa ba wanda ya kama ƙafarsa wajen wuƙa, daga mahauta har masu tuƙa gungumen katako a kogi. Yana da ɗa namiji guda, Sakib, wanda ya tashi da masaba a hannu. Wata bazara da ƙanƙara ta narke kogi ya cika, gumagumai suka sarƙe a ƙarƙashin gada, Sakib ya shiga taya masu warwarewa, ruwa ya tafi da shi. An yi kwana goma sha ɗaya ana bin gaɓa, ko hularsa ba a samu ba. Ragib ya dawo ya kashe wutar maƙera, ya koma wasa wuƙaƙen mutane a bakin kasuwa. Amma kullum in rana ta yi sanyi yakan buɗe ƙofar maƙerar ya shiga ya rufe, ya zauna a cikin duhu har a kira magariba. Duk layin mun sani, ba wanda ya taɓa tanka masa.

Sai Usta Bego. Bego ba mugu ba ne, bakinsa ne ba linzami, kuma tare suka yi koyon sana'a da Ragib tun suna 'yan yara. A shagon gahawa ya tare shi, gaban jama'a.

"Usta Ragib, wai da gaske ne kaji sun fara saka ƙwai a murhunka? In haka ne ka aiko mini da biyu, don kada a ce maƙerar ba ta fitar da komai."

"Sha gahawarka, Bego."

"Ina sha. Tambaya na yi. Ga gasar tarkace jibi, yara sai cewa suke wai labarinka tatsuniya ce. Na ce musu a'a, da can ya iya, hannun ne ya mutu ya bar shi."

Gasar tarkace al'adarmu ce ta ƙarshen kaka. Kowane maƙeri zai tsinci guntun ƙarfe daga sharar ƙasan maƙerarsa, ba saye, ba aro, ya ƙera 'yar wuƙa tsakanin sallar asuba da kiran la'asar. A shagon gahawa ake gwaji: ta aske gashin hannu, ta datse ƙusar kofaton doki, sannan ta sake aske gashi. Ba abin da ake ba wanda ya ci sai suna, amma a layinmu an sha daina gaisuwa shekara guda a kan sunan nan.

Da Bego ne kaɗai, da Ragib bai kula ba. Senija ce ta kama shi. Yarinyar ta girma a gidan da uba ke wucewa ta gabanta kamar ginshiƙi ce, ta gaji da kallon ƙeyarsa. Ta same shi yana cire takalmi ta ce, "Babo, ni zan zuga maka. Na iya, Yaya ya koya mini." Ya daɗe yana dubanta, ya ce to. Ni kam ban taɓa ganin laifinta ba, ubanta take nema.

Da asubar ranar suka shiga da fitila. Sharar ƙasan tana nan yadda aka bar ta shekara bakwai. Ragib ya tona da ƙafa, ya ture ƙusoshi da karyayyen lauje, sai ga guntun magagari, rabinsa ya karye, mariƙin katakon ya lotsa daidai inda babban yatsan Sakib ke zama. Ya riƙe shi ya yi tsaye. Daga nan ya zuba gawayi a kan tsohuwar tokar murhu ya kunna wuta da gaggawa, kamar mai kurɓe magani mai ɗaci, ya ce wa 'yarsa, "Zuga."

Wanda ya ga aikin ranar ba zai manta ba. Ya fara goge haƙoran magagarin a dutse sai da ya yi sumul, don in aka bar su kowanne tsaga ce mai jiran ranarta. Ya sa shi a wuta har ya yi ja kamar garwashi, ya ɗauko da awartaki ya ɗora a uwar maƙera. Bugun farko ya sauka a karkace. A na goma hannun ya tuna. Ƙarfen kaɗan ne, ba rarar da za a yi kuskure da ita, saboda haka ya ja shi a hankali, yana mayarwa wuta tun kafin ya huce, yana fitar da baki da wutsiya. Senija na kan zuga-zugi gumi na zuba, yana ce mata, "Sannu, sannu, ba wutar daji ba ce," daga baya kuma, "Yauwa, haka, 'yar maƙeri." Maganar nan ta ƙarshe sai da ta sa ta juya fuska. Da hantsi ya tsoma wuƙar a mai, ya kasa kunne bai ji ƙarar tsagewa ba, ya mayar da ita gefen wuta har bayanta ya ɗauki launin zuma. Kafin la'asar ya sa ƙota ya wasa. Ba a taɓa kawo irinta shagon gahawa ba, Bego da kansa ya faɗa, ya rungume shi yana hawaye yana zaginsa.

Wannan ita ce wuƙar da ke kan tebur lokacin da Senija ta daina magana.

Washegari ta wuni a kwance, hannayen nan a ƙirji. Da rana ta yi sanyi gawayi ya sake fara saukowa a rufi, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Sannan aka ji wata murya daga cikin maƙera, muryar mace, can ƙasa-ƙasa, tana irin gunjin da uwa ke yi in tana lallashin yaro ya yi barci. Zumra ta ji, Ragib ya ji, matar Bego ma ta ji ta tattara shanyarta ta shige. Senija ta miƙe ta nufi maƙerar ba takalmi, ta zauna a gaban murhu tana jijjiga, bakinta a rufe, muryar kuwa ba ta tsaya ba.

Haka aka yi ta yi kullum tsakanin la'asar da magariba. Ba ta duka, ba ta ihu, ba ta fasa komai. Wuta ce kawai ba ta son gani, in aka hura murhun ɗaki sai ta ɗauki tulu ta juye a kai, gidan ya koma cin burodi busasshe cikin sanyi. Warin ƙuna ya kama gashinta, ba wankan da ya fitar da shi. Likita ya zo ya duba ya ce bai ga ciwo ba. Ragib ya ƙoƙarta ya buɗe hannayenta, mutumin da ke lanƙwasa ƙarfe, ya kasa raba su ko da faɗin yatsa. A kwana na biyar ta bar cin abinci. A na takwas ruwan da Zumra ke ɗiga mata ya fara dawowa ta gefen baki, fuskarta ta zabge, sai ido. Kowa ya ga inda abin ya nufa, gidan da ya ba kogi ɗa yana shirin ba da na biyu.

Bego ne ya hau dutse da alfadarinsa ya ɗauko Hoja Nezir, wani tsohon malami mai ƙaramin jiki da ke zaune a ƙauyen sama. Hoja Nezir ba ya gaggawa. Ya yi sallama, ya wanke hannu, ya tambayi lafiyar kowa. Ya shiga maƙerar shi kaɗai, ya daɗe yana duban murhu, ya fito idonsa ya yi nauyi.

"A bar ta ta zo da kanta," in ji shi. "Usta, kai da uwarta ku shigo. Sauran ku koma gida."

Da inuwa ta cika tsakar gida Senija ta taso ta shiga ta zauna inda ta saba. Hoja ya zauna a gabanta ya fara karatu, a hankali, ba ɗaga murya. Gawayi ya yi ta zuba a rufi kamar ƙanƙara, sannan ya tsaya cak. Gunjin ma ya tsaya.

"Baƙuwa," in ji Hoja, "ki faɗi abin da ya kawo ki."

Bakin Senija ya buɗe, amma muryar ta babbar mace ce, wadda kuka ya dusashe.

"Ni ba baƙuwa ba ce, Hoja. Shekara shida ina cikin tokar murhun nan. Tambaye shi ko na taɓa ɗauke masa ko allura."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Hannunta ne ya zuga."



"Kullum yamma mutumin nan yana shigowa ya zauna a kan kututturen can yana kuka," muryar ta ci gaba. "Ban taɓa damunsa ba. Da na haihu, in ya shigo sai in toshe bakin ɗana don kada ya katse masa kukansa. Maƙwabci na ɗauke shi. Ranar na fita kogi kafin asuba na bar yaron yana barci a toka, hankalina kwance, don na san Usta Ragib ɗan sana'a ne, ba zai kunna ba sai ya buga. Bai yi arba'in ba, Hoja. Na dawo na tarar ana zuga."

Babu maƙerin da ke layinmu da bai san abin da take nufi ba. Murhun da ya kwana arba'in ba wuta ba a kunna shi haka nan. Tun da yamma ake buga uwar maƙera sau uku da masaba, ba ƙarfe a kai, a nemi izini, a bar dare guda, don duk wanda ya fake a ciki ya kwashe iyalinsa. Wannan shi ake fara koya wa almajirin ƙira tun kafin a ba shi awartaki.

Hoja ya juya. "Usta, mantawa ka yi?"

"Ban manta ba."

"To me ya hana ka?"

Da maganar Ragib ta fito da ƙyar ake jinta. "Na zo da yamman. Na ɗaga masaba. Amma bugu uku a kan uwar maƙera, da shi nake kiran Sakib. In na buga, sai in ji ƙafarsa a kan tsanin bene yana saukowa. Na tsaya da masaba a sama har aka kira salla. Na ji tsoron in buga in tsaya ina jira, Hoja. Na ce wa kaina zancen tsofaffi ne, na ajiye."

Hawaye na gangarowa daga idon Senija, ba a san na wacce ba ne a cikinsu.

"Na san ciwonka," in ji muryar. "Na fi kowa saninsa. Shi ya sa zan tafi da wannan, ɗa a madadin ɗa."

"Ke musulma ce?" in ji Hoja.

"Musulma ce."

"To kin san bai yi da gangan ba, yarinya kuwa ba ta san komai ba. Ba ki da hakki a ranta. In kika ƙi, ina da abin da zan karanta, kin sani, kuma ba na son in ƙara miki ƙuna a kan ƙuna."

"Karanta mana. Me ya rage da za ka ƙona?"

Ragib ya durƙusa. "Ɗauke ni, ki bar ta. Ni na yi laifi."

"In yi me da kai? Kai ai ka mutu tun shekara bakwai."

A nan ne Zumra ta matso. Matar nan ba ta taɓa kuka gaban mutane ba, har ana cewa zuciyarta dutse ce. Ta zauna a ƙasa gab da 'yarta, ta yi magana kamar da maƙwabciya.

"'Yar'uwa, ina yaron yake yanzu?"

"Ga shi a hannuna."

"Kwana tara ba ki binne shi ba?"

"A ina? Gidana ke nan. In na sa shi a toka, gobe a sake kunna wuta a kansa."

"Ni kogi ko takalmi bai mayar mini ba," in ji Zumra. "Ba ni da inda zan je in zauna in ce ga ɗana nan. Ba zan so miki wannan ba. Ki kwantar da shi a nan. Za a toshe ƙofar da bulo, ba za a ƙara hura wuta ba har abada. Ki samu kabari, ki bar mini 'yata."

Ta juya ta dubi mijinta. Maƙerar kakanninsa ce, kuma nan ne kaɗai ya rage masa da warin ɗansa. Ya dubi kututturen, ya dubi masabar Sakib da ke rataye, sannan ya dubi fuskar Senija, da kyau, kamar yau ya fara ganinta.

"Na bayar," in ji shi.

"Wuƙar fa?" in ji muryar. "Wutar da ta ci ɗana ce ta gasa ta. Ba za ta yanka burodin kowa ba."

Ya zaro ta daga ɗamararsa. Babban yatsansa ya shafi bayanta sau ɗaya, ya miƙa hannu ya kwantar da ita a gefen murhu.

"Ki yi rantsuwa ki fita," in ji Hoja.

"Zan rantse. Amma ya ba ni abin da ya hana ni. Ya buga."

Ragib ya miƙe kamar tsohon da ya shekara ɗari. Ya ɗauki masaba ya tsaya gaban uwar maƙera. Ya buga ɗaya, ƙarar ta fita tsakar gida ta bi layi, masu tafiya masallaci suka tsaya. Ya buga na biyu. Ya buga na uku.

Bakin Zumra ya riga hankalinta. Ta juya wajen gida ta ɗaga murya, "Sakib! Babanka na..." sai ta toshe baki da hannu biyu.

Suka yi shiru suna sauraren tsanin bene, har Hoja. Ba wanda ya sauko.

Senija ta sunkuya a hankali ta miƙa hannayenta cikin tokar murhu, ta ajiye abin da ido ba ya gani, ta shafa toka a kai. Muryar ta yi rantsuwa da Allah, ta yi sallama, Hoja ya amsa. Sai jikin yarinyar ya saki, uban ya tare ta kafin ta kai ƙasa. Ta buɗe ido ta dubi hannayenta, ta dubi fuskarsa.

"Babo," ta ce da muryarta, "ni na zuga."

"Ni na ce ki zuga, 'yata."

Ya riƙe ta a ƙirji yana jijjigawa, ladan na kiran magariba.

Bego ne ya ɗauko bulo da kansa ya toshe ƙofar, wuni guda yana aiki bai yi barkwanci ko ɗaya ba. Senija ta warke, ta yi aure a ƙetaren gada, ta haifi 'ya'ya, amma har ta tsufa ba ta hura wuta da bakinta, sai dai wani ya hura mata. Ragib bai ƙara riƙe masaba ba. Kowace Juma'a bayan la'asar shi da Zumra sukan shimfiɗa ɗan bargo a gindin bangon nan su zauna su yi addu'a, ta share wurin ta yayyafa ruwa. Wata baƙuwa da ta zo gidan ta taɓa tambayarta abin da ke bayan bangon da ake masa wannan hidima.

Zumra ta ci gaba da shara, ta ce, "Na yara ne."